Edsger W. Dijkstra

Edsger Wybe Dijkstra (an haife shi ranar 11 ga watan Mayu, 1930, ya rasu ranar 6 ga watan Agusta, 2002) masanin lissafi da kimiyyar kwamfuta ne ɗan ƙasar Holand. Yana cikin mutanen da suka mayar da rubuta manhaja ilimi mai ƙa'idoji, bayan a da ana yin ta ne da gwaji da dabarar kai. An fi saninsa da matakan lissafin gano hanya mafi kusa tsakanin wurare biyu, waɗanda har yau suke ɗauke da sunansa, da kuma binciken da ya yi a kan ayyuka masu gudana a lokaci guda a cikin kwamfuta. A wannan fannin ne ya bayyana matsalar kiki-kaka, wato yanayin da ayyuka biyu ko fiye za su tsaya cak saboda kowanne yana jiran abin da ɗan uwansa ya riƙe. Ya samu lambar yabo ta Turing a shekarar 1972. Haruffan ij da ke cikin sunansa wasali ne mai aure a harshen Holand, don haka furucin sunan ya fi kusa da Daikstra.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Dijkstra a birnin Rotterdam, kuma shi ne na uku a cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa, Douwe Wybe Dijkstra, malamin kimiyyar sinadarai ne a makarantar sakandare, ya kuma taɓa shugabantar ƙungiyar masana sinadarai ta Holand. Mahaifiyarsa, Brechtje Cornelia Kluijver, ta karanta lissafi duk da cewa ba ta yi aikin albashi da shi ba. Dijkstra ya sha danganta ƙaunarsa ga gajeriyar hujja mai tsabta da tarbiyyar da ya samu a wurinta.

Ya gama sakandare a makarantar Gymnasium Erasmianum a 1948. Da farko burinsa shi ne ya karanta shari'a domin ya wakilci ƙasarsa a Majalisar Ɗinkin Duniya, amma sakamakonsa a darussan kimiyya ya sa iyayensa suka ba shi shawarar ya bi wannan ɓangaren. Ya shiga Jami'ar Leiden inda ya karanta lissafi da fiziks. A 1951 ya halarci wani kwas na mako uku a Jami'ar Cambridge ta Ingila, inda aka koyar da yadda ake rubuta umarni ga kwamfutar EDSAC, wadda Maurice Wilkes ya jagoranci ƙera ta.

Aiki a Amsterdam

A watan Maris na 1952 Cibiyar Lissafi ta Amsterdam ta ɗauke shi aiki a ƙarƙashin Adriaan van Wijngaarden, kuma ana lissafa shi a matsayin mutum na farko a Holand da ya riƙi rubuta manhaja a matsayin sana'a. Ya shafe 'yan shekaru yana haɗa aikin da karatun fiziks, har ya rasa wanne zai zaɓa, domin a lokacin rubuta manhaja ba shi da wani tushe na ilimi da za a dogara da shi. Van Wijngaarden ne ya nuna masa cewa kwamfuta ta zo ke nan, kuma zai iya zama cikin waɗanda za su kafa wa fannin tushe. Dijkstra ya kammala digirinsa na fiziks a 1956, ya koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Da ya zo ɗaura aure da Maria Debets a 1957, hukumomin Amsterdam sun ƙi rubuta sana'ar tasa a takardar aure saboda ba su san da ita ba, sai aka rubuta cewa masanin fiziks ne. Sun haifi 'ya'ya uku.

A 1956 aka buƙaci wani aiki da mutanen gari za su iya fahimta domin baje kolin sabuwar kwamfutar cibiyar mai suna ARMAC. Dijkstra ya zaɓi taswirar garuruwa 64 na Holand, aka tambayi na'urar hanya mafi kusa daga wani gari zuwa wani. Dabararsa ita ce a fara daga garin da aka tashi, kullum a ɗauki gari mafi kusa a cikin waɗanda ba a tabbatar da nisansu ba, a tabbatar da shi, sannan a gyara nisan maƙwabtansa. Ya wallafa ta a 1959 a mujallar Numerische Mathematik cikin shafi uku kacal. Ana amfani da ita a yau a manhajojin taswira da kuma tsarin OSPF da ke zaɓa wa saƙonni hanya a intanet.

A shekarar 1959 ɗin ya samu digirin digirgir daga Jami'ar Amsterdam, da bincike a kan kwamfutar Electrologica X1. Wannan na'ura tana iya katse aikin da take yi idan wata na'urar waje ta nemi kulawa, sannan ta koma kansa. Katsewar tana iya zuwa a kowane lokaci, saboda haka manhaja ɗaya ba lallai ta gudana iri ɗaya sau biyu ba. Wannan ne ya fara jan hankalinsa ga matsalar da ya shafe shekaru goma masu zuwa a kanta. A 1960 kuma shi da Jaap Zonneveld suka kammala manhaja ta farko mai fassara harshen ALGOL 60 zuwa umarnin da na'ura ke ganewa.

Eindhoven da ayyuka masu gudana tare

A 1962 aka naɗa shi farfesan lissafi a babbar makarantar fasaha ta Eindhoven. A can ya jagoranci wani ƙaramin rukuni da ya gina babbar manhajar sarrafa kwamfutar Electrologica X8, wadda aka sa wa suna THE daga harufan farko na sunan makarantar. An tsara ta hawa-hawa, daga hawa na 0 zuwa na 5, kowane hawa yana dogara ne da waɗanda ke ƙarƙashinsa kawai. Hawan ƙasa yana raba wa ayyuka lokacin na'ura, na samansa yana kula da ma'adana, har zuwa manhajojin masu amfani da kuma mutumin da ke sarrafa na'urar. An wallafa bayaninta a 1968.

Matsalar farko da rukunin ya fuskanta ita ce ta abin tarayya. Idan ayyuka biyu suka karanta lamba ɗaya a lokaci guda, kowanne ya ƙara mata ɗaya ya mayar, lambar za ta ƙaru da ɗaya maimakon biyu. Dole ne a samu hanyar da aiki ɗaya kaɗai zai taɓa abin a kowane lokaci, ba tare da an yi zaton wanne ya fi sauri ba. Masanin lissafi Theodorus Dekker ne ya fara warware ta ga ayyuka biyu. A watan Satumba na 1965 Dijkstra ya wallafa maganinta ga ayyuka ko nawa ne, a wata maƙala mai shafi ɗaya a mujallar Communications of the ACM, wadda ake ɗauka a matsayin mafarin wannan fanni.

Ya kuma ƙirƙiro samafo, sunan da ya aro daga siginar layin dogo wadda ke hana jirage biyu shiga layi ɗaya. Samafo lamba ce da ba a taɓa ta sai ta hanyoyi biyu, P da V, haruffan da suka fito daga kalmomin harshen Holand. Aikin da ya yi P yana rage lambar da ɗaya ya wuce, idan kuma ya tarar da ita sifili sai ya tsaya jira. Aikin da ya yi V yana ƙara mata ɗaya, abin da ke buɗe wa ɗaya daga cikin masu jira hanya. A rubutunsa na 1965 mai suna Cooperating Sequential Processes ya nuna yadda ake amfani da samafo wajen daidaita mai samarwa da mai karɓa a kan rumbu mai iyaka: mai samarwa ya jira idan rumbun ya cika, mai karɓa ya jira idan babu komai a ciki.

Matsalar kiki-kaka

Jira yana hana karo, amma yana kawo wani haɗarin. Dijkstra ya kira shi da sunan da ke nufin runguma mai kisa. Ana iya kwatanta shi da manoman rani biyu a fadamar Wurno ko Goronyo waɗanda ke tarayya a injin ban ruwa ɗaya da tiyo ɗaya. Na farko ya ɗauki injin yana jiran tiyo, na biyu ya ɗauki tiyo yana jiran injin, kuma kowanne ya ƙi sakin na hannunsa sai ya gama ban ruwa. Babu abin da ya lalace a cikin kayan, amma shinkafar kowa ba za ta sha ruwa ba. A kwamfuta haka abin yake faruwa da firinta, ko wani sashe na ma'adana, ko layi ɗaya a rumbun bayanan banki. Wahalar gano matsalar ita ce ta dogara da yadda lokaci ya faɗo: manhaja tana iya wuce gwaji sau dubu, ranar da aiki ya yi yawa ta tsaya.

A 1965 Dijkstra ya ba ɗalibansa tambayar jarrabawa a kan kwamfutoci biyar da ke tarayya a na'urorin tef biyar. Tony Hoare ne ya sake mata fasali zuwa labarin masana falsafa biyar da ke zaune kewaye da tebur, da cokali mai yatsu ɗaya tsakanin kowane mutum biyu. Ba wanda zai iya cin taliyar da ke gabansa sai da cokula biyu, na hagu da na dama. Idan duka biyar suka ɗauki na hagu a lokaci guda, kowa zai zauna yana jiran na dama har abada. A wata maƙala ta 1971 Dijkstra ya nuna cewa kawar da kiki-kaka bai wadatar ba, domin maƙwabta biyu suna iya yin ta karɓa-karɓa su bar wanda ke tsakaninsu da yunwa, alhali tsarin gaba ɗaya yana tafiya.

A wannan shekarar ta 1971 Edward Coffman da abokan aikinsa suka jera sharuɗɗa huɗu da sai sun haɗu kiki-kaka ke yiwuwa: abin da ake nema ba ya riƙuwa ga biyu a lokaci guda, aiki yana riƙe da wani abu yana jiran wani, ba a ƙwace abu daga mai riƙe da shi, sannan jiran ya zama zobe. Karya ɗaya daga ciki ya isa. Hanyar da aka fi koyarwa ita ce a ba kayan lamba, kowa ya ɗauka bi da bi daga ƙarama zuwa babba. Idan manoman nan biyu suka amince cewa injin ake fara ɗauka kafin tiyo, wanda bai samu injin ba ba zai taɓa tiyo ba, zoben kuma ba zai ƙullu ba.

Maganin da Dijkstra ya kawo wa tsarin THE shi ne dabarar ma'aikacin banki. Kowane aiki yana faɗin iyakar abin da zai iya nema tun da farko, kuma ba a ba shi ƙari sai an tabbatar cewa bayan bayarwar akwai jerin da kowa zai iya gamawa. Misali, mai ba da bashi yana da Naira dubu 10. Mutum na farko iyakar buƙatarsa dubu 8, ya karɓi 4. Na biyu iyakarsa dubu 6, ya karɓi 3. Saura dubu 3 a hannu, waɗanda za su ishi na biyu ya gama ya dawo da 6, daga nan a cika wa na farko. Amma idan na farko ya nemi ƙarin dubu 1 aka ba shi, saura 2, kowannensu kuma yana iya neman 3, ba wanda za a iya cika wa. Saboda haka za a ce ya jira duk da cewa akwai kuɗi a hannu. Ɗalibinsa Nico Habermann ya faɗaɗa wannan bincike a kundin digirinsa na 1967.

Tsarin rubuta manhaja

A watan Maris na 1968 aka buga wasiƙarsa da ke sukar umarnin goto, wanda ke sa manhaja ta yi tsalle daga wani layi zuwa wani. Hujjarsa ita ce yawan tsallen yana sa mai karatu ya kasa bin sawun abin da ke faruwa. Niklaus Wirth, wanda yake editan sashen a lokacin, shi ne ya sa wa wasiƙar taken da ta yi suna da shi. A wannan shekarar ya halarci taron da ƙungiyar NATO ta shirya a Garmisch ta ƙasar Jamus a kan matsalolin manyan manhajoji. A 1972 shi da Ole-Johan Dahl da Tony Hoare suka fitar da littafin Structured Programming. Ra'ayinsa shi ne gwaji yana iya nuna cewa akwai kuskure amma ba ya tabbatar da cewa babu, don haka ya kamata a gina manhaja tare da hujjar ingancinta.

A watan Agusta na 1973 kamfanin Burroughs na Amurka ya ɗauke shi a matsayin mai bincike, yana aiki daga gidansa a ƙauyen Nuenen, yana zuwa Eindhoven ranar Talata. A 1974 ya wallafa bincike a kan tsarin da ke komawa daidai da kansa ko daga wane irin rikici ya fara. A 1975 ya gabatar da umarni masu sharaɗi, inda ake jera zaɓuɓɓuka kowanne da sharaɗinsa, na'ura ta ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda sharaɗinsu ya cika. Littafinsa A Discipline of Programming ya fito a 1976. A 1980 shi da Carel Scholten suka wallafa hanyar gane cewa ayyukan da ke warwatse a na'urori daban-daban sun gama duka.

Tasirinsa a kan magudanan saƙo

A 1978 Hoare ya wallafa tsarin CSP, wanda ya gina a kan umarni masu sharaɗi na Dijkstra. A cikinsa ayyuka ba sa tarayya a ma'adana, saƙo suke aika wa juna. Daga nan harshen occam ya fito a 1983, sannan harshen Go, wanda Robert Griesemer da Rob Pike da Ken Thompson suka tsara a kamfanin Google aka fitar da shi a 2009. A Go saƙo yana bi ta magudana. Idan magudanar ba ta da rumbu, mai aikawa yana tsayawa sai mai karɓa ya zo. Idan tana da rumbu, tana aiki kamar matsalar mai samarwa da mai karɓa ta 1965. Umarnin select, wanda ke jiran magudanai da yawa ya ɗauki wadda ta shirya, jikan umarni masu sharaɗi ne.

Rufe magudana sanarwa ce cewa babu sauran saƙo. Mai karɓa da ke bin saƙonni ɗaya bayan ɗaya yana kwashe abin da ya rage sannan ya tsaya idan an rufe, amma idan an manta ba a rufe ba zai ci gaba da jira. Aika saƙo a magudanar da aka rufe yana rushe manhajar, haka ma rufe ta sau biyu. Shi ya sa al'adar masu rubutu da Go ita ce mai aikawa ne ke rufewa, kamar yadda mai ƙofar ruwa a sama ne ke datse shi, ba mai gonar da ke ƙasa ba. Idan masu aikawa suna da yawa, ana ƙirga su, aiki ɗaya ya jira sai dukansu sun gama sannan ya rufe. Go tana tsayar da manhaja ta ba da sanarwa idan dukkan ayyukanta sun tsaya suna jira, amma idan wani ɓangare ne kawai ya cije sauran suna tafiya, ba ta ganewa. Wannan ya sa sharuɗɗan kiki-kaka da misalin masanan biyar suke cikin darasin babbar manhaja a jami'o'i har yanzu, ciki har da na Najeriya.

Austin, rubuce-rubuce da halayensa

A 1984 ya koma Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka, ya koyar har ya yi ritaya a watan Nuwamba na 1999. Ya fi son jarrabawar baka, ɗalibi ɗaya bayan ɗaya, kuma yana koyarwa da alli a kan allo. A Eindhoven da Austin ya riƙa haɗuwa da abokan aiki kowace Talata da yamma suna karanta maƙala layi-layi, suna duba hujjarta da kuma kalmomin da aka yi amfani da su.

Ya bar rubuce-rubuce sama da 1,300 masu lamba, waɗanda ake kira EWD daga harufan sunansa. Na farko-farko da harshen Holand ya rubuta su, sauran da Turanci. Daga baya ya bar tafireta ya koma rubutu da alƙalamin tawada, yana aika kwafi ga abokai su kuma su yaɗa. Jami'ar Texas ta ajiye su a intanet. Yana ganin ƙwarewa a harshen uwa na cikin manyan abubuwan da mai rubuta manhaja yake buƙata bayan lissafi, kuma yana ƙin a siffanta kwamfuta da kalmomin da suka dace da ɗan Adam. An san shi da kaifin harshe: a 1975 ya soki harsunan FORTRAN da COBOL da BASIC da kakkausar murya, abin da ya jawo masa masu adawa. Wasu masana sun ga cewa hanyarsa ta kafa hujja ga kowace manhaja tana da wuyar aiwatarwa a manyan ayyukan kamfanoni. Shi kansa bai cika amfani da kwamfuta ba, sai a ƙarshen rayuwarsa ya riƙa amfani da ita don imel da duba intanet. Yana kaɗa piyano, yana kuma son kiɗan Mozart.

Rasuwa da lambobin yabo

Dijkstra ya koma Holand a farkon 2002 yana fama da ciwon daji, ya rasu a Nuenen ranar 6 ga watan Agusta, 2002, yana da shekara 72. Ya zama mamba a makarantar masana kimiyya ta masarautar Holand a 1971, ya karɓi lambar Turing a 1972 da lambar Harry Goode a 1974, sannan lambar C&C ta ƙasar Japan a 2002. Gab da rasuwarsa taron PODC ya karrama maƙalarsa ta 1974 a kan tsarin da ke gyara kansa. Daga 2003 aka sa wa wannan lambar sunansa, kuma ana bayar da ita kowace shekara ga maƙalar da tasirinta ya daɗe a fannin kwamfutoci masu aiki tare.